Buhu Goma Sha Tara a Ɗakin Barira

Shekara uku ke nan da aka jibge buhunan gubar fara a ɗakin Barira, aka ce mata kwana uku za su yi. Aka kulle ɗakin, aka tafi da makulli. Yau buhu goma sha tara suna nan ciki suna ruɓewa, mai ɗakin kuma tana waje, ba ɗaki, ba sana'a, ba hanci. Wanda ya yi wannan aiki yana da suna, yana da albashi, yana can wani gari yana shan inuwa.

Barira ƙanwar uwata ce, Inna nake ce mata. Tana zaune a Gidan Tanna, wani ɗan ƙauye a ƙasar Urafan wanda ko mota ba ta zuwa sai direba ya yi rantsuwa. Ni a Tasawa nake aure, ranar kasuwa nake leƙa ta. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma daga Urafan har bakin ƙasar Mayahi in ka ce Barira mai man kai, za a nuna maka hanya.

Wanda bai taɓa jan ruwa a rijiya mai gaba talatin ba, ba zai gane darajar man nan ba. Mace ta ja guga tun hantsi, rana ta dafa mata ƙwaƙwalwa, sannan ta ɗora tulu a ka. Kafin ta kai gida jijiyoyin goshinta na bugawa kamar ana daka a ciki. Likita na Tasawa, tafiyar wuni a amalanke. To, ga abin da Inna ta zauna tana yi wa magani.

A farin saba'in da uku ta koya. Wata Buzuwa da dabbobinta suka mutu kaf ta sauka a gidansu da 'ya'ya biyu, Inna ta riƙe su wata biyar da ɗan abin da take da shi. Ranar da matar za ta tashi ta ce ba ta da abin sallama sai sani ɗaya. Ta ce mai yana shan ƙamshi kamar yadda yashi ke shan ruwa, duk abin da ka ajiye kusa da shi sai ya haɗiye. Ta nuna mata yadda ake binne ganye a cikin man kaɗe. Sauran kuwa Inna ce ta ƙaro da kanta.

Na sha ganin aikin. Za ta narka man kaɗe, ba a kan wuta ba, a cikin kwano ne da ta ɗora kan tukunyar ruwan zafi. Ta zuba busasshiyar na'a-na'a da kanumfari da ciyawar nobe, ta rufe, ta bar shi kwana bakwai. Ran na takwas ta sake narkawa, ta tace da farin ƙyalle, ta sa ɗan kakin zuma don kada rana ta tsinke shi. Sai ta jawo kayan da Ƙadri, wani ɗan tireda a kasuwar Urafan, ke kawo mata daga Kano: 'yar kwalbar man na'a-na'a, 'yar kwalbar man itacen turare, da ƙanƙarar mantol a ƙulle cikin takarda. Ita gishirin sanyi take ce wa mantol ɗin. Da tsinke take ɗiga man kwalba, mantol kuma sai ta sauke kwano ya fara hucewa.

"In kin sa shi da zahi, gudu yakai," haka take ce mini. "Kamar miji ne, lallaɓa shi akai."

Ba ta da sikeli, ba ta da awo. Hancinta ne awo. Za ta sunkuya, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce saura ɗigo biyu. Ta zuba a ƙananan gwangwanayen tumatir da ta wanke da toka. Ki shafa a gefen goshi da ƙeya, ki shaƙa, sanyi ya ratsa miki kai har cikin ido.

Saboda man nan mijinta, marigayi Na Allah, ya gina mata ɗaki na daban. Magini ne, ya zuba masa azara mai kyau, ya sa ƙofar kwano da kwaɗo, ita kaɗai a garin. Ɗakin yana da doka. Hayaƙi ba ya shiga, daddawa ba ta shiga, mai cin taba kuwa daga bakin ƙofa yake sallama. Shi kansa Na Allah sai ya kuskure baki ake barinsa ya leƙa.

"Ni na gina, ni ake kora," in ji shi.

"Ka gina ma mai, ba ka gina ma taba ba, Malam."

Da yunwar tamanin da huɗu ta zo, Na Allah ya riga ya rasu, maza sun watse kudu. Ciwon kai ya zama na kowa, domin cikin da ba komai kai yake hawa. Inna ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Takan ce, "Wanga ba ya maganin yunwa, amma zai kai ki gida da tulunki." Mai hatsi ta kawo ɗan tafin hannu, marar hatsi ta miƙa goshi a shafa mata. Da haka ta ci da kanta, ba ta taɓa tsayawa layin rabo ba, kuma tana alfahari da hakan.

Sai ruwa ya dawo. Damina ta tamanin da shida gero ya yi kyau, fara ta sauka a kansa. Wata ranar Talata da hantsi kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo garin da buhu arba'in na garin guba, na wani poroje, wato shirin hukuma na kashe fara, da wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, mai tabarau a gaban mota. Ya ce wa maigari yana son ɗaki mai kwaɗo. Maigari ya dubi ƙasa. Kowa ya san ɗaki ɗaya ne.

Maƙwabciyarta Zuhura tana wurin, ita ta ba ni labarin yadda aka yi.

Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaro, wanga ɗakin mai ne. Mi ke cikin buhunan?"

"Magani ne, tsohuwa. Provisoire ne, kwana uku kawai."

"To, bari in hidda tukwanena."

"Ba mu da lokaci, akwai gari shida a gabanmu. Ai a rufe suke, ko?"

"A ruhe suke, amma mai..."

"To, shi ke nan. Allez, ku sauke!"

Lokacin soja ne. Mai tabarau ya zo da takarda mai hatimi, kuma a bayan mota akwai mai kaki ɗaya yana hamma. Wa zai ce uffan? Tukwane uku na man kaɗe, da ganye a binne ciki, aka jera buhuna kewaye da su. Mushe ya karɓi makulli ya jefa a aljihu.

Kwana goma sha shida ya yi kafin ya dawo. Aka buɗe, aka raba buhu ashirin da ɗaya ga manoma. Wasu buhunan sun fashe wajen saukewa, gari ya zube a ƙasa fari fat. Inna ba ta iya ganin ɗakinta haka ba. Ta ɗauki tsintsiya ta shiga, ba ƙyalle a hanci, domin ba wanda ya ce mata ta ɗaura. Ta share, ta kwashe, ta sake sharewa, tana atishawa, hawaye na zuba. Da la'asar ta fito da tukwanenta, mushe ya sake kulle sauran buhunan, ya ce jibi kamiyo zai zo ya kwashe. Jibin nan muke jira har yau.

Ta yi kwana huɗu kwance da zazzaɓi da majina. Da ta tashi ta buɗe tukwanen, ta sunkuya ta shinshina, ba ta ji warin komai ba. Ta yi hamdala. Ita da ta fi kowa sanin mai yana shan wari, ta yarda da hancin da bai taɓa cin amanarta ba shekara goma sha uku. Ba ta san hancin ne ya mutu ba. Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga yadda aka yi ba, amma na san da hanci ta shiga ɗakin nan, ba ta fito da shi ba.

Ta tace, ta haɗa. Da ba ta ji sanyin mantol ba sai ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har ƙarfinsa ya danne warin da ke ƙasa. Mata biyar suka shafa. Zuhura ta yi amai a bakin rijiya gaban mutane, goshinta ya yi ƙuraje, kanta ya yi ciwon da bai taɓa yi ba. Sauran huɗun ma haka. Allah ya tsare, ba wadda ta mutu.

Zuhura ce ta zo da gwangwanin a hannu. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce, "Yaya Barira, shinshina ki ji."

Inna ta shinshina. "Mi ya yi?"

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji komi ba."

Zuhura ta shiga madafa ta ɗebo daddawa ta kai mata hanci. Inna ta ja numfashi, ta sake ja. Sai ta zauna a ƙasa.

Ita da kanta ta bi gida gida ta karɓo gwangwanayen. Ta ɗauki tukwanen uku zuwa bayan gari, nesa da rijiya, ta haƙa rami ta binne su. Amma magana ba ta binnuwa. A kasuwar Urafan aka ce hannun Barira ya lalace. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce algus ta fara, wata marar kunya ma ta ce da gangan ta yi. Ba wanda ya ce buhu. Buhu na hukuma ne, ba a ambatonsa a kasuwa.

Na je Tasawa na shiga buro, ofishin hukuma, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Na yi koleji, na iya faransancin da suke taƙama da shi, na rubuta takarda da hannuna. Ma'aikaci na farko ya ce, "Madame, le projet est terminé," wato poroje ya ƙare. Na ce poroje ya ƙare, buhu bai ƙare ba. Na biyu ya ce an yi wa mai tabarau canjin wurin aiki, shi ya san inda makulli yake. Na uku ya ce babu esansi a mota. Na huɗu ya fi su gaskiya, ya rage murya ya ce a takarda an raba buhu arba'in cif, don haka buhunan da nake magana babu su. Na ce ya zo ya shaƙi babu.

Na ce wa maigari mu fasa kwaɗon. Ya kama kai ya ce, "Saudatu, ki rufa mini asiri. Kayan gwamnati ne. In na taɓa a ce na sata, in ban taɓa ba ku zage ni. Kuma in mun hidda su, ina za mu kai su?" Na ji haushinsa, amma gaskiya ya faɗa. Ba mu san yadda ake zubar da abin nan ba. A ƙona, hayaƙin ya bi gari. A binne, ruwa ya tono.

Yanzu Inna tana kwana a 'yar bukkar kara a gefen gidan, ita da tun rasuwar Na Allah a ɗakin man take kwana. Ba ta daina gwadawa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Takan haɗa ɗan kaɗan a rumfar Zuhura, ta ajiye har ranar kasuwa in zo.

"'Yar lakwal, ara mini hancinki."

In shinshina in ce ya yi.

"Ya yi, ko kunyata kike ji? Kanumhwari ya hito?"

"Ya fito, Inna."

"Bisa na'a-na'a ko ƙarƙashinta?"

Nan nake tsayawa. Ban san bisa ba, ban san ƙasa ba, ni ƙamshi kawai nake ji. Sai ta karɓi gwangwanin ta rufe. Ba ta sayar da ko ɗaya ba tun ranar Zuhura. Ta ce ba za ta sake sa wa goshin 'yar mutane abin da ba ta ji da kanta ba. Ta yarda cewa in ta koma ɗakinta, aka kankare ƙasa, aka yi sabon yaɓe, hancin zai dawo. Ita da ke yi wa gari maganin kai, yau da ɗankwali take ɗaure nata tamau, ta zauna tana kallon ƙofar kwano.

Makon jiya na leƙa ta tsagar ƙofar. Gara ta ci gindin buhunan, gari ya kwanta a ƙasa, warin ya buge ni har na ja da baya. Azara ɗaya ta tsage, domin shekara uku ba a hau rufin an yi yaɓe ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai ɗakin an hana ta shiga. Rijiyar garin taki arba'in ce daga ƙofar, kuma gangare ne. Ga damina saura wata guda.

Ku da kuka aiko kamiyon nan, kun san kanku, sunanku na kan takarda mai hatimi. Ban tambaye ku hancin Inna ba, ba ku da shi a magaza, ɗakin ajiyarku. Ku zo kafin ruwan farko. Ku zo da makulli, in ya ɓace ku fasa kwaɗon da hannunku, ku da ba a kamawa. Ku kwashe buhu goma sha tara da kuka ce babu su, ku kankare ƙasar ɗakin ku tafi da ita. In kun gama kada ku shige mota. Ku tsaya a bakin rijiya da hantsi, lokacin da mata suka cika, ku faɗa da Hausa, ba da faransanci ba, cewa hannun Barira bai lalace ba, ku kuka zuba mata guba a mai.