Muryar da Ban Ɗauka Ba

Shekaru sun tura, gashina ya yi fari, na manta sunayen mutane da yawa da na ɗinka wa kaya, amma akwai yini guda da ya ƙi barin kaina, kuma na san ba zai bar shi ba har a kai ni kushewa. Yinin da na zaunar da wani tsoho a shagona ne, na sa shi ya yi magana, alhali na san babu abin da ke ɗaukar muryarsa.

Ni tela ne a Rikoto, cikin garin Zuru. Karatuna bai wuce firamare ba. Tun ina ƙarami aka san ni da yawan damuwa. Idan na auna mutum sai na sake aunawa, in ya tafi kuma in zauna ina zargin kaina ko na rubuta daidai. Matata takan ce ko ruwa na sha sai na tambayi kaina ko na yi bismilla. Na faɗi wannan ne don a san cewa abin da ya faru ba daga sakaci ya fito ba. Daga tsoron kunya ya fito.

A shekarun da wayar salula ta fara yawa a garinmu, ɗan yayata ya zo gida daga Abuja da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Ya ce ya fara wani shiri na hira da mutane, ba a gidan rediyo ba, a intanet ake ɗorawa, duk wanda yake so a ko'ina a duniya ya sauke ya saurara. Ban gane sosai ba, amma na gane abin da yake nema.

"Kawu, kai ka san kowa. Ranar kasuwa duk mutanen ƙauye a shagonka suke ajiye kaya. Ka samo mini tsofaffi masu labari, musamman wanda ya san golmo ciki da waje."

Golmo shi ne aikin gonar da saurayi Badakkare yake yi wa surukansa shekara da shekaru, shi da sa'o'insa, kafin a ba shi mata. Nan take wani tsoho ya faɗo mini a rai. Yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse, can kan hanyar Bena. A zamaninsa shi ne jagoran samarin golmo na yankinsu, kuma an ce babu waƙar noma da bai sani ba. 'Yarsa ce ke kawo mini ɗinki, ta wurinta na san shi.

Sau uku na je ƙauyen. Zuwan farko na hau kabu-kabu da goro da gishiri a leda, na yi ta bayani, shi kuma yana feƙe ƙotar fartanya bai ko ɗago ba. Da na gama sai ya ce, "Tela, maganar golmo ba ta kasuwa ba ce. Ka gaida gida." Na dawo ina ta tunanin ko na yi wani kuskure a gaisuwa. 'Yarsa ce ta gaya mini cewa ba a tunkarar irinsa kai tsaye, sai an bi ta wurin abokinsa da suka yi golmo tare. Zuwa na biyu na bi ta nan. Tsofaffin biyu suka yi ta shawara da yarensu na Dakarci, ni ina zaune a kan kututture kamar baƙon da ya ɓace hanya, don Dakarcina na ciniki ne kawai: nawa, rage, gobe, na gode. Suka ce in dawo bayan an gama yankan dawa.

A zuwa na uku ne ya yi mini tambayar da ta canza komai.

"Wannan abin naku, ana jin shi a Ikko?"

Na ce, "Baba, an ce har ƙasar Turawa ana ji."

"Ban tambaye ka Turawa ba. Ikko. Barikin soja."

Na ce ana ji. Sai ya ce zai zo ranar kasuwar Zuru ta sama. A hanyar fita 'yarsa ta raka ni, ta gaya mini abin da ban sani ba. Tsohon yana da ɗa namiji guda ɗaya. Yaron ya fara golmo, ya yi shekara biyu, sai ya ajiye fartanya ya gudu ya shiga soja, ya bar uban da kunya a gaban surukai da dukan ƙauye. Uban ya ce kada ya sake taka masa gida. Tun daga ranar ba su yi magana ba, ga shi har ɗan ya zama saje, yana da 'ya'ya manya a Ikko da kakansu bai taɓa gani ba.

Na dawo Zuru da murna da fargaba a haɗe. Na gaya wa ɗan yayata rana, na sake gaya masa, har ya ce, "Kawu, na ji, kada ka kashe ni da tuni." Na share shago, na aro kujera mai hannu, na ce wa matata ta dama fura. Na ma gargaɗi mai injin niƙan da ke bayanmu ya taimaka ya kashe injinsa da azahar.

Da safiyar ranar, ina buɗe shago, sai ga ɗan yayata da jaka a kafaɗa. Ya ce an yi masa waya, wani babban hafsan soja mai ritaya ya yarda zai ba shi awa ɗaya a Kaduna, kuma yau ne ko babu.

Na ce, "To, Baba fa? Yana hanya. Ƙauyensu ba waya."

"Ka ba shi haƙuri, Kawu. Ka ce wani makon. Tsohon ƙauye ina za shi? Kullum yana nan."

Na riƙe hannun jakarsa ina roƙo, ko na'urar ya bar mini. Ya yi dariya ya ce da me zai ɗauki hafsan, da kunne? Ya hau mota ya tafi.

Wajen sha ɗaya motar a-kori-kura ta Bena ta sauke su. Ban taɓa ganin tsohon da takalmi ba sai ranar. Ya sa riga mai tsabta da hula, 'yarsa tana riƙe da hannunsa, abokin nan nasa yana biye da sanda. Ashe rabin ƙauyen sun rako shi bakin hanya. Ya shigo ya zauna a kujerar, ya dubi ko'ina, ya ce, "Ina yaron? Ina abin?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma nawa ce? Ya tafi, Baba, ka yi haƙuri. Amma na dubi takalmin, na dubi 'yarsa, na tuna zuwana uku. A kan kantar shagon akwai tsohuwar rediyona mai kaset, wadda maɓallin ɗaukar maganarta ya karye tun shekara biyu, sai dai ta kunna kawai. Na ji bakina yana cewa, "Ya bar mini aikin, Baba. Ga abin nan." Na sauko da ita, na sa wani kaset na waƙa da ke ciki, na murɗe sautin har ƙasa, na danna. Kaset ya fara juyawa. Tsohon ya leƙa, ya ga ƙafafun kaset ɗin biyu suna zagayawa, ya gyaɗa kai.

Har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina, domin shago uku tsakanina da wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan lantarki, mutumin kirki, wanda da na je da gudu zai ba ni aron rediyo mai ɗauka da sabon kaset ba tare da ya tambaye ni dalili ba. Na tuna da shi a lokacin. Amma na ce a raina idan na fita yanzu za su gane ban shirya ba. Wannan ɗan tunanin shi ya zaunar da ni.

Ya yi magana har la'asar. Ya faɗi yadda suke fita gona tun raɓa ba ta bushe ba, yadda ake jera samari a kunyoyin gona, yadda mai rauni yake tsakiya don kada a gan shi a baya. Ya yi waƙa, abokinsa yana amsawa yana buga sanda a ƙasa. Ya ba da labarin surukinsa da ya sa shi sake noman gona guda don ya tsinci ciyawa uku, har muka yi dariya. Mutane suka taru a ƙofa. Duk lokacin da kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, sai in tashi in juya shi da natsuwa, kamar mai aikin gaske.

Can sai ya ce kowa ya fita, har 'yarsa da abokinsa. Ya ce, "Tela, kai ka zauna ka kula da abin. Wannan ta yarona ce." Ya jawo rediyon kusa da bakinsa, ya koma Dakarci, ya yi ƙasa da murya. Ya daɗe yana magana. Da ya gama ya dafa rediyon da tafin hannu, ya ce, "To. Na sauke." Ya sha furarsa, suka kama motar yamma.

Na yi niyyar gyarawa, Allah ya sani. Na ce idan ɗan yayata ya dawo za mu je ƙauyen, mu ce muna son ƙari. Ya ce sai da Sallah. Sallah ta zo ya ce sai Kirsimeti. Ni kuma na sayi sabon kaset har guda biyu, na ajiye, amma kullum na shirya tafiya sai in tambayi kaina me zan ce masa. In ce ta farko ta lalace? Wata ƙaryar ke nan. In faɗi gaskiya? Sai in fasa tafiyar. Kowace ranar kasuwa 'yarsa takan leƙo ta ce, "Tela, Baba ya ce a tambaya, maganar ta isa Ikko?" Ni kuma in ce ana kan gyarawa. Na rame a watannin nan, har matata ta ɗauka ciwo ne.

Farkon damina ya rasu. Kwana uku kawai ya yi a kwance.

Bayan mako biyu, da hantsi, ina kan keken ɗinki sai wani dogon mutum ya tsaya a ƙofar shago. Ba ya cikin kaki, amma tsayuwarsa ta gaya mini ko wane ne. Ga kuma goshin uban. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Ya ce, "Ƙanwata ta ce tsoho ya bar mini magana a wurinka. Ta ce da yana kwance ta roƙe shi ya faɗa mata abin da za ta gaya mini, ya ce ya riga ya faɗa, tana wurin Tela."

Ya zo da sabuwar ƙaramar rediyo a hannu, da batir a ciki, don ya saurara nan take.

Na gaya masa komai. Ban rage ba. Ina magana ina jiran ya mare ni, kuma wallahi da ya mara da na ji sauƙi. Bai ɗaga hannu ba. Ya zauna a kan bencin masu jira, ya ajiye rediyon a gefe.

"To, kai ai kana wurin. Me ya ce?"

"Da Dakarci ya yi, ranka ya daɗe. Ba na ji sai na kasuwa."

"Ko kalma ɗaya?"

"Na ji sunanka. Sau da yawa. Na ji gona."

"Fuskarsa fa? Faɗa yake yi, ko kuwa?"

Wannan tambayar ita ta fi kowace ciwo, domin ban sani ba. Duk tsawon lokacin da tsohon yake magana da ɗansa, ni idona yana kan kaset, ina tsoron kada ya ƙare ko sautin waƙar ya ɓullo asirina ya tonu. Ban dubi fuskarsa ba ko sau ɗaya. Na gaya masa haka.

Sannan ya miƙe ya ce, "Tela, da ka bar shi a ƙauyensa, da ya faɗa wa ƙanwata. Kai ka je har sau uku ka ɗauko shi." Ya ɗauki rediyonsa ya fita. Ban sake ganinsa ba. Ƙanwar tasa ma ta canza tela, idan muka haɗu a kasuwa takan amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Da na kira ɗan yayata na gaya masa rasuwar, ya ce, "Ayya, Allah sarki. Kawu, babu wani tsohon kamarsa a wajen Sakaba?" Na kashe wayar. Hirarsa da hafsan ta fita, an ce mutane sun yaba. Bayan shekara guda ya bar shirin gaba ɗaya ya kama wata sana'a. Shi bai rasa komai ba, kuma na daina ɗora masa laifin, don ba shi ya danna maɓallin ba.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Wanda ya je ya gayyato mutum ya buɗe bakinsa, shi ke ɗauke da amanar, ba mai na'ura ba. Kuma ni da nake ganin ina tsoron yin laifi fiye da kowa, ashe abin da nake tsoro shi ne a ga laifina. Na guje wa kunyar yini ɗaya, na bar wani mutum a Ikko zai ƙare rayuwarsa bai san ko ubansa ya yafe masa ba.