Kabiru ya zama injiniya a kan kujerata

Jama'a, yau an ƙwace min kujera a shagonmu na Kasuwar Libiya!

Kun san aikina, zuba wa mutane karatu da wa'azi a waya. Da safe Kawu, mai shagon, ya ce in rubuto sunayen duk fayilolin da ke cikin foldar kwamfuta, a manna a bango, mai saye ya zaɓa. Na duƙufa ina bugawa ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi tsami.

Sai ga Kabiru ɗan gwaggona, cajin waya kawai ya kawo shi. Ya leƙa, ya ce min da Larabcin garin nan, "Ya zol," wato malam, "matsa." Ya zaɓe su duka, ya kwafi sunayen, ya zuba a manhajar rubutu ta Notepad. Nan take suka jeru!

Kawu ya miƙe tsaye: "Masha Allah, injiniya!"

Injiniya? Kabirun da ni na koya masa kunna kwamfuta!

Na ce, "Kawu, ai na kusa gamawa."

Ko kallona bai yi ba. Ya juya wa Kabiru fanka, ya ce min, "Tashi ka karɓo wa injiniya shayi."

Ina tashi, Kabiru ya haye kujerata. Yanzu haka ina gaban matar da ke sayar da shayin. Na ce mata kada ta sa masa sukari ko ƙwaya ɗaya.