Gashin da Na Tara a Gwangwani

Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba. Ta fari ce, kuma a gidanmu na Kano haka muka taso muka gani: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a rungumarta a gaban mutane, ba a yabonta ko da ita ta zo ta ɗaya a aji. In ta faɗi ta fasa gwiwa sai dai in ce wa maƙwabciya, "Duba min yarinyar nan," ni kuwa in juya baya kamar ban damu ba. Abu ɗaya kunya ta bar min, shi ne kitso. Ranar kitso babu mai cewa na yi rashin kara. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta kwantar da kanta a cinyata, in tsefe, in taje, in shafa mai, in ja tsaga da kibiya. Abin da wata za ta gama kafin azahar, ni sai in ja shi har la'asar. A nan kaɗai nake samun taɓa 'yata.

Tana 'yar firamare mahaifinta ya sami aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Deira, muka tattaro muka dawo Dubai, muka kama ɗaki da falo a unguwar Hor Al Anz. Tun kitson farko na ci karo da matsala. A gida in an gama, gashin da ya zube a mataji dunƙule shi ake yi, a je bayan ɗaki a tona a binne, don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. To a nan ina ƙasar take? Muna can saman bene, in ka sauko kuma daga siminti sai kwalta. Na tsaya da ƙullin gashi a hannu kamar wata sokuwa. Kwandon shara? Allah ya kiyaye! Na wanke wani babban gwangwanin madara na jefa shi ciki, na ce in mun je gida hutu na binne gaba ɗaya. Mun je gida ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum sai in ce na manta. Mahaifinta yakan ce, "Ke da gwangwanin nan naki sai ka ce gadon gidanku." Ni dai sai in mayar da abina saman durowa.

Haka ta girma, ta gama jami'a, ta kama aiki, kanta bai taɓa shiga hannun kowa ba sai nawa. Sai wani yaro ɗan Katsina, injiniya da ke aiki can garin Hatta wajen duwatsu, nesa da birnin Dubai, ya fito neman aurenta. Yaro mai hankali, ba ni da abin cewa a kansa. Aka sa rana, aka kama zauren wani otal a Deira don walimar mata zalla, inda amarya za ta iya buɗe kanta. Ni kuwa tuni na gama tsara kitson a raina, shuku siri-siri irin wanda aka yi min ranar nawa auren.

Wata Juma'a ina yankan albasa ta zo ta tsaya a bakin kicin tana jujjuya waya a hannu.

"Umma, dubi wannan."

Zanen wata Baturiya ne ta zamanin da, fuska fari fat kamar ta faɗa buhun fulawa. An tayar da jan gashinta dama da hagu ya yi tudu biyu, tsakiya a lotse, an jera masa fararen duwatsu, ɗaya yana reto a goshi.

Na ce, "Wace ce wannan kuma? Lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Wata sarauniyar Ingila ce ta da can. Haka matan fadarsu suke gyara kai. Irinsa nake so ranar walima, amma na zamani, da kitso a gefe da ƙeya."

Na yi dariya har da hawayen albasa. "Wannan ai kitson doka ne irin na kakanninmu, aka raba shi biyu. Bari in sauke tukunya in gwada."

Ta sunkuyar da kai. "Umma, na riga na yi wa Anti magana. Ita ta iya."

Wallahi ban san lokacin da na ajiye wuƙar ba.

Antin nan wata 'yar Damagaram ce da ke ɗakin da ke kallon namu, tana aiki a wani shagon gyaran gashi kusa da tashar jirgin ƙasa ta metiro. A Yamai ta koyi sana'ar, bakinta kuma ba ya rabo da Faransanci, komai ta gama sai ta ce "wala, wala." Maman take kirana. Duk zuwan da za ta yi gida sai ta kawo min cuku da kilishi, mu yi ta tsokanar juna irin ta Kanawa da Damagarawa, ina ce mata baƙauya, tana ce min 'yar birnin wayo. Ba ta taɓa yi min laifin komai ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da tana da wani mugun hali da na sami abin kamawa.

Kishi ne, ba sai an tambaye ni ba. Kishi ƙiri-ƙiri, ni da furfurata. Suka fara gwaji ranakun da ba su da aiki. Yarinyar nan ta ɗauki matajinta, matajin da ni na saya, ta tsallaka ɗakin can. Ina jiyo dariyarsu ta bango, ina jiyo ƙarar abin busar da gashi. Sai in tsinci kaina a bakin ƙofa, ido a ɗan ramin leƙe, ina kallon rufaffiyar ƙofar mutane. In ta dawo, kanta yana wani irin ƙamshi na feshi, ba ƙamshin man kaɗanyata ba. Matar nan in ta gaishe ni a matakala, "Maman, an wuni lafiya?" sai in ce "Lafiya" ta ƙasan maƙogwaro in wuce. Mahaifin yarinyar ya ce, "Wai me ke damunki ne? Miya ta ƙone jiya, yau kuma babu gishiri." Na ce zafin garin ne. Ya ce, "A cikin sanyin na'ura?" Na ja tsaki na bar masa falon.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, da na fahimci abin ya ƙi yi musu. Tudun nan biyu sai an sa wani abu a ƙarƙashi kafin su tashi. Sun sa soso irin na acuci, ya yi ta zamewa, gefe ɗaya ya kwanta, ɗaya ya miƙe. Ƙarin gashin kanti kuwa yarinyar ta ce ba za ta sa ba, don ni na tarbiyyantar da ita a kan ba a ƙara gashin wani. Na ce a raina, yawwa, a dawo hanya. Har kibiyata na ɗauko na goge.

Sai ga su su biyu wata la'asar. 'Yar Damagaram ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa.

"Maman, alfarma na zo nema. Matan fadar nan na Ingila ba soso suke sawa ba. Gashinsu da ya zube a mataji suke tarawa, su cura shi ya zama ɗan gammo, su naɗe na kansu a kai. Gashi shi ke riƙe gashi. To ta ce min kina da ajiya."

Na dubi yarinyar nan, ta kawar da ido. Ashe har sirrin gwangwanina ya tsallaka ɗakin can!

Na ce, "Tafɗi! Gashin da na hana kwandon shara, na hana ƙasar Kano ma, shi zan ɗauka in danƙa wa bare? Ke a garinku haka ake yi?"

"A'a Maman, mu ma binnewa muke. Shi ya sa a gabanki zan yi aikin. Ko sili ɗaya ba zai fita ɗakin nan ba sai a kanta."

Na haɗe rai. Can yarinyar nan ta ce a hankali, "Anti, in Umma ba ta so a bar shi. Sai in ɗaura ɗankwali kawai, ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ita ta karya ni. Yarinyar da tun tasowarta ba ta taɓa cewa Umma saya min kaza ba, don ita ma kunyata take ji. Na jawo kujera na hau, na sauko da gwangwanin.

Da na buɗe, ƙamshin man kaɗanya ya cika falon. Na sama baƙi ne wuluk, mai kauri, na budurwa. Da na zazzage, na can ƙasa ya fito, ƙulli ƙanana masu laushi, ja-ja-ja, na lokacin da take kuka in na ja mata tsaga. Matar nan ta wanke shi a robata, ta busar, ta warware da yatsu, ta cusa a wata lallausar raga, ta cura gammo biyu dogaye. Hannunta na da sauri, kuma ba ta zubar da ko sili ba, don ina zaune ina lura. Ta ɗago ta ce, "Maman, kin iya adana abu."

Ranar walima a wani ɗaki na otal ɗin aka shirya amarya, ni kuwa na san uwar 'yar fari ba ta rawar kai a bikin 'yarta. Can baya na zauna cikin tsofaffi, na ja mayafi. Aka rangaɗa guɗa, ta shigo.

Ya yi kyau. Na so in ce bai yi ba, amma ya yi kyau. Tudu biyu sun tashi daidai wa daida, fararen duwatsu na bin tsaga, ɗaya na reto a goshinta, ƙananan kalaba sun zagayo ta bayan kunne sun haɗu a ƙeya cikin raga mai ruwan zinare. Mata suka yi caa da wayoyi. "Wa ya yi? Wa ya yi?" Aka jawo 'yar Damagaram tsakiyar fili ana tafa mata, wata Balarabiya abokiyar aikin amarya har da rungumarta tana "mashallah, habibti." Wata hajiya kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Ke dai kin huta da wahalar kitso." Na ji kamar in miƙe in ce, jama'a, abin da ya ɗaga tudun nan hannuna ne ya tara shi, tun tana zuwa makaranta da gorar ruwa a wuya! Matar nan ma ta zo ta kama hannuna tana ce wa mutane, "Tushen aikin na Maman ne." Babu wanda ya saurare ta saboda kiɗa, ni kuwa kirkin nata ya ƙara min haushi.

Aka kai amarya Hatta. Na wanke gwangwanin na shanya, ina jiran a dawo min da gammo biyun nan in mayar da su mazauninsu.

Sai da aka ɗauki makonni kafin angon ya kawo ta wuni. Bayan ya fita da mahaifinta, ta zame ɗankwali ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Kitson ƙeyar nan na biki ne har yanzu a kanta, ya tsufa ya yi buzu-buzu. Na tsefe shi tas da kibiyata, ina tsifa ina jin sanyi a raina. Na taje, na shafa mai, na yi mata shukun da na tsara tun farko. Da na gama na dunƙule abin da ya zube, na miƙa hannu zan jawo gwangwani.

Sai ta buɗe tafin hannunta. "Umma, kawo. Ai mu can muna da ƙasa. A bayan gidanmu akwai wata bishiyar dabino."

Na ce, "Gammon fa?"

"Na binne su tun satin farko, yadda kika ce ana yi a gida. Shi ya tona min ramin."

Na dubi gwangwanin, na dubi hannunta. Daidai ta yi, ni na koya mata. Na sa mata ƙullin a tafi, ta ɗaure shi a bakin mayafinta, ta yunƙura za ta tashi.

Na ce, "Tsaya tukuna. Wannan na gefen ya karkace."

Ta kai hannu ta shafa shi tun daga goshi har ƙeya. Ta ji a miƙe yake sarai. Duk da haka ta mayar da kanta kan cinyata, na sa kibiya na fara tsefewa.