Ranar da Sora Iolanda ta ajiye tukunya

Ni ne mutumin da ya karya haƙori a kan inabin roba. An kwantar da ni a gadon manya, an naɗe ni da farin mayafi, aka ce in ci kamar mai bayi ɗari. Na kuwa ci. Mai riƙe da tiren, Sora Iolanda, ko gezau ba ta yi ba sai da aka kashe kyamara, sannan ta ce in tofar a hannuna.

Shekara arba'in ke nan ni da ita muna cika fili a finafinan Rumawan dā, nan bayan garin Roma. Tana 'yar sha tara aka fara shafa mata mai a kafaɗa, aka ba ta ƙyallen da bai kai hankici biyu ba. Aikinta fifita, zuba giya, da murmushi in ubangida ya kamo hannunta. Uwarta ta rasu tana zaton a matsayin sarauniya take fitowa. Da furfura ta zo, aka tura ta madafa, inda hayaƙi ke rufe fuska.

Dokarmu ɗaya ce: ɗan cika fili ba ya tsoma baki. Wanda ya tsoma, ba a sake kiransa.

Bana wata matashiyar darakta, Ginevra, tana ɗaukar wurin da ubangida ke aikawa a kira masa kuyanga ɗaki. Aka ce wa yarinyar da ta fito a matsayin kuyangar ta tashi tana rangwaɗa, tana murmushi. Sai Iolanda ta ajiye tukunya. Na ƙyafta mata ido, ta ƙi kallona.

"'Yata, murmushin nan na yi shi ya fi sau ɗari," ta ce wa Ginevra. "Wadda ba ta da ikon cewa a'a, me za ta yi wa murmushi?"

Ni har na fara tunanin da wa zan riƙa cin taliyar rana. Ginevra ta daɗe tana duban takardarta, sannan ta tambayi yadda ya kamata a yi. Iolanda ta ce a bar yarinyar ta yi ta wanke hannu, tana jan lokaci, wata tsohuwa ta ƙulle mata ɗamara tamau. Haka aka ɗauka. Tsohuwar ita ce Iolanda, har da suna da jimla biyu.

Da aka tashi na ce mata, tunda ta zama tauraruwa, kada ta manta da tsohon ubangidanta.

"Wane ubangida, Settimio? Kai ma ko tari ba a taɓa ba ka damar yi a fim ba. Bambancinmu, kai a kwance, ni a tsaye."