Rijiyar da Ta Daina Ba da Mai

Ko zan manta komai na shekarun da na yi a aikin fetur, ba zan manta wata hira da muka yi da mahaifina a rumfar ƙofar gidanmu ba, can ƙauyenmu kusa da Sinnar.

Hutu na zo, na tarar gida ba daɗi. Ƙanena ya ɗaure kaya zai tafi haƙar zinariya, inda muka sha jin rami ya rufta da mutane. Rigimar kuwa a kan hawasha ce, gonar ban ruwa da Baba ke riƙe da ita tun ba a haife mu ba. Gwiwoyinsa sun ƙi, auduga tana lalacewa, amma ya ce ba zai saki ba. Shi kuma yaro ya gaji da zama ɗan aike a gonar da shi ke nome ta. Inna ta roƙe ni in sa baki. Ni na san tsohon nan, in ka nuna masa gabas sai ya juya yamma, ko da alƙibla ce. Sai na ƙi sa baki.

Bayan la'asar muna shan gahawa ya fara tsokanata. "To, mai fetur, har yanzu kuna tatsar ƙasa?"

Na ce ai ni an sauya mini aiki. Rijiyar da nake kula da ita ta tsufa, abin da take fitarwa ruwa ya fi mai yawa. Maimakon a toshe ta, sai aka cire famfon jan mai, aka sake bututu, yanzu ruwa muke ɗura mata da ƙarfi. Ruwan nan shi ke bi ta cikin dutse yana kora ragowar man zuwa sauran rijiyoyin da ke kewaye da ita. Allah ya sani, ba da wata manufa na faɗa ba, haushin sauyin ma nake ji.

Ya yi dariya har da tari. "Ka guje ma ban ruwan auduga, ka tahi kana ba dutse ruwa!"

Can kuma sai ya natsu, yana jujjuya finjali a hannu.

"Ita wagga rijiya, ba ta ƙara hidda mai?"

"Ko ɗigo, Baba."

"Kuma ba a ruhe ta ba?"

"In aka rufe ta, sauran ma sai su yi sanyi."

"Kwayyis," ya ce, wato da kyau.

Washegari muna karyawa ya kira ƙanena. "Ya walad, kai yaro, kwance kayanka. Hawasha taka ta, shibka abin da kaka so. Amma ruwa nawa na. Ran da layi ya zo kanmu, ni ka buɗewa, ni ka ruhewa."

Yaron ya durƙusa gabansa. Inna ta shige ɗaki da sauri, ni ma sai da na ji ƙwalla.

Haka aka yi har Allah ya karɓi abinsa. Duk ranar ruwa yana bakin magudana da sandarsa, yana faɗa da duk wanda ya matso, auduga kuwa ta yi kyau. Tun daga nan na gane ba gona ce tsohon ya ƙi saki ba, tsoro yake a toshe shi da ransa. In za ka karɓi aiki daga hannun babba, ka fara nemo masa inda zai tsaya.