Yadda Na Koma Hawan Keke a Bakin Dam

Keken ba nawa ba ne. Maigida ne ya sayo shi bayan likita ya ce masa jininsa yana hawa, ya rage zama wuri ɗaya. Na gwanjo ne, kore, tayoyinsa masu kauri da haƙora, ga giya a hannun dama da na hagu. Mai sayarwa ya ce masa irin wanda ake bin duwatsu da shi ne. Kwana huɗu ya yi yana zagaya unguwarmu a Daura bayan sallar asuba. A na biyar abokansa na majalisa suka tambaye shi ko motar ce ta lalace. Daga ranar keke ya koma jikin bango.

Ni kuwa duk wucewar da zan yi sai na dube shi. Ina yarinya a Sandamu na iya keke. A kan na yayana na koya, irin tuƙin nan na zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe, don ban kai sirdi ba. Da na fara girma aka ce ya isa haka, na bari. Na yi karatu, na yi aure, na zama malamar firamare, na haifi 'ya'ya biyar, kusan shekara talatin ban taka feda ba.

Wata Juma'a ina shara na ce masa cikin wasa, in ba ya so ya ba ni. Na zaci dariya zai yi. Sai ya tambaye ni ko da gaske na iya, na ba shi labarin keken yayana, wanda duk zamanmu ban taɓa faɗa masa ba. Ya ce a cikin gari dai ba za ta yiwu ba, ni ma na san haka. Amma akwai wata hanya a bakin dam ta wajen Dutsi, inda yake zuwa sayen kifi, ban da masu lambu da makiyaya ba mai bin ta.

Washegari da sassafe ya cire tayar gaba, ya sa keken a bayan mota. Na sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, na zaɓi ƙaramin hijabi don kada sarƙa ta kama shi. Yara muka ce musu za mu sayo kifi, kuma mun sayo.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, ruwan dam ya fara ja da baya. Hanyar 'yar siririya ce, ƙafar mutane da kofaton shanu suka fitar da ita. Tana bin gefen ruwa, ta ratsa cikin sabara da kargo, ta hau wani tudu mai tsakuwa, sannan ta gangaro wajen lambunan albasa. Na hau sirdi. Maigida ya riƙe mini bayan keken yana bi na da gudu, ni ina karkata hagu da dama, shi yana haki yana cewa in dubi gaba in daina kallon taya. Ban san lokacin da ya saki ba. Na dai ji muryarsa ta yi nisa, iska tana shiga hijabina, balbelu suna tashi daga bakin ruwa. Na yi ta dariya ni kaɗai.

Daga nan kusan duk Asabar muna can. Na koyi giya a hankali: wadda ake sawa in za a hau tudu, da wadda ake komawa in hanya ta miƙe. Na gane inda yashi yake riƙe taya, dole a sauka a tura. Masu lambu da farko sukan tsaya da aiki su bi ni da kallo, daga baya suka saba, sai dai su ɗaga hannu su ce, sannu Hajiya. Maigida yakan biyo ni a ƙasa, in na kai wata goruba da muka yi alama da ita sai in juyo mu haɗu a hanya.

Ranar da na faɗi, na wuce gorubar ne. Jikina ya yi daɗi, na ce bari in ga abin da ke bayan tudun. Ina gangarowa da gudu sai ga garken shanu farare sun cika hanya, za su shan ruwa. Na danne birkin gaba da ƙarfi, keke ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na ji ni a cikin sabara, gwiwar hannuna ta kurje, ga wani bajimi yana shinshina tayar baya.

Wata tsohuwar Bafulatana ce ta zo kaina. Tana bin bayan shanun da ƙwaryar nono a ka. Ta yi musu magana da Fulatanci suka kauce, ta sauke ƙwaryar, ta kama hannuna ta tashe ni. Ta zauna tana cire mini ƙarangiya daga hijabi ɗaya bayan ɗaya har ta gama. Sannan ta tambaye ni keken na wane ne. Na ce na maigidana ne. Ta tambaya ko ya sani na ɗauko. Na ce ga shi can tafe a ƙasa.

Ta dubi hanya, ta hango shi yana sauri da hula a hannu, ta ce, "Ke a sama, shi a ƙasa?"

Na ce, "Haka Allah ya tsara mana, Inna."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta tashi ta zagaya keken, ta matsa tayar da yatsa, ta ce tun tana amarya take kai nono kasuwa a ƙafa, da ta sami irin wannan da ta huta. Sai kuma ta dubi tsakuwar hanyar, ta ce a'a, kafin ta isa ai nonon ya kaɗe ya zama mai.

Maigida ya iso yana salati. Ya duba hannuna, ya ce ko mu haƙura haka nan, bai san abin da zai faɗa wa yara ba. Na ce masa ciwon bai kai wanda wuƙar albasa take ji mini ba, kuma ni zan tuƙa keken zuwa mota. Tsohuwar ta ce masa ya bar ni, amma ya daina barina ni kaɗai, ya nemi nasa. Ta ɗiba mana nono a ludayi muka sha, ta ɗauki ƙwaryarta ta bi shanu.

Asabar ta gaba ya ari keken wani mai lambu, tsohon keke ne baƙi mai wurin ɗaura kaya, ba giya, birkin baya kawai ke aiki. A kan tudu nakan wuce shi in jira a sama, a gangara kuma shi ke wuce ni, don nauyinsa. Ranar muka kai har ƙarshen hanyar, inda take ƙarewa a kan wasu falalen duwatsu da ruwa ke dukan gindinsu. Muka zauna muka ci dabino, muna kallon wani masunci yana jan koma. Ya ba ni labarin yadda yake zuwa makaranta a ƙasa yana yaro, ni ma ban taɓa jin wannan ba.

Da damina ta sauka ruwa ya cinye rabin hanyar, muka dakata. A watannin ne babbar 'yarmu ta ga hotona a wayar babanta, ina kan keke da ganyen sabara a hijabi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zo kicin ta same ni, ta tambaya ko motar za ta ɗauki mutum uku in ruwa ya janye. Na ce ta je ta tambayi babanta, ta miƙo mini gishiri tukuna.