Jan Ɗigo a Farin Kwano

Duk sa'ad da na bi ta inda ake facin titi a Gusau, ƙamshin kwalta mai zafi ya daki hancina, sai in rage tafiya. Mutane na toshe hanci, ni kuwa sai in koma 'yar shekara takwas, ina tsugune cikin ɗaki mai taya.

Ɗakin na kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho. Direban masu aikin hanya ne, da aka yi gwanjon kayansu sai ya sayi ɗakin da manyansu ke kwana a ciki. Farin ƙarfe ne mai taya biyu, da tagogi uku, da gadon da ake naɗewa jikin bango. Kowace damina yakan ɗaura shi a bayan tsohuwar motarsa, ya ja shi daga Bungudu zuwa gonarsa ta wajen Mada, shi da Kaka, da ni idan an yi hutu. Ta tagarsa na fara ganin yadda dawa ke ƙara tsayi ba a ji motsinta ba.

Aibinsa ɗaya: yoyo. Kuma bai tashi zuba ba sai daidai matashin Kaka. Damina uku Baba Tsoho na hawa sama yana shafa kwalta saitin wurin, har rufin ya koma kamar bayan akuya mai dabbare-dabbare. Ruwan farko na shekarar da nake takwas ɗin ya sake jiƙa mata ɗankwali.

"Malam," in ji ta, "in ruwan ga ya ƙara taɓa ni bana, 'yan gwangwan za su zo su ɗauke shi."

Ya ce ya yarda, ni ce shaida. Na zagaya bayan taya na yi ta kuka, don na san yadda 'yan gwangwan ke farfasa ƙarfe da guduma.

Ina jin kukan nan ne ya karya zuciyarta. A gidan soro ta tashi, ta san halin rufi. Washegari da hantsi ta jiƙa shunin wanki a buta ɗaya, ta dafa soborodo ta cika wata, ta bar shi ya huce.

"Kai kullum inda ya fito kake bi," ta ce masa. "Ka taɓa neman inda ya shiga?"

Ta ajiye farin kwano a kan matashinta, ta ce in zauna in tsare shi. Aka rufe ni ciki. Zafi kamar tanda, gumi na bin bayana, amma ko ƙiftawa ban so yi ba. Baba Tsoho ya hau tsani ya tsiyaya ruwan shuni a kan kwaltarsa. Muka jira. Shiru. Sai Kaka ta sa shi ya matsa can gaba, wajen 'yar ƙofar iska da ke saman rufi, ya zuba soborodon a gefenta. Ina jin yana gunaguni wai ana ɓarnar abin sha.

Na daɗe ina jira, har na fara ƙirga ƙusoshin silin. Sai na ji ɗis. Ɗigo ɗaya, ja wur, a tsakiyar farin kwano. Na dangwala na kai harshe, na ji tsami, na kurma ihu.

"Can?" in ji Baba Tsoho. "Taku huɗu fa ke tsakani!"

Ya kwance allon silin, sai ga jan layi siriri ya bi ƙarfen rufi kamar hanyar tururuwa, tun daga ƙofar iska har saitin gado. Robar gefenta ce rana ta tsattsage. Ya kankare ta, ya bari wurin ya bushe, sannan ya tsoma tsumma cikin kwalta ya dinga cusawa da tsinke a hankali. Sauran soborodon muka sa masa sukari muka shanye a inuwar ɗakin.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, hadari ya taso daga wajen Tsafe. Kaka ta mayar da kwanon wurinsa ta harɗe hannu. Ruwa ya dinga dukan rufi har ba ma jin juna, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta ƙasan ƙofa. Da ya tsagaita ta dube ni.

"Mi kika gani, ƙawata?"

"Ba komai, Kaka."

"To, 'yan gwangwan sun yi asara."

"Ni dai na shafa kwaltar," in ji Baba Tsoho.

"Ƙwarai. Shekara uku kana shafawa."

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Ɗakin na nan a Bungudu, tayoyinsa sun nutse cikin ƙasa, tantabaru ke kwana a ciki. Ni kuwa ina zaune a gidan siminti, inda ruwan sama ba ya da amo. Bara tabo ya fito a silin ɗakina, mai gyara ya zo da na'urarsa, ya nufi saitin tabon kai tsaye. Na ce ya ɗan dakata tukuna. Na shiga kicin na ɗora soborodo.